Famfon Sitiyarin Muktari

Tun kafin motar ta karyo kwanar garejina na san ta Muktari ce, na kuma san abin da ya kawo ta. Duk lokacin da aka murɗa sitiyari sai ta yi wani siririn kuka kamar akuyar da aka manta a rana. Famfon sitiyari ne ke wannan kukan idan mai ya yi masa ƙaranci. Shekara arba'in ina jin sa, har na gaji da jin sa.

Tsakiyar bazara ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, an ɗauke wuta tun asuba. Garejin nawa ba wani abin a zo a gani ba ne, rumfar kwano ce da dogon yaro guda a bayan tashar motocin ƙauye a nan Tawa, kuma a wannan lokaci na shekara inuwar ma zafi gare ta. Ina kwance a kan benci, bayana na ciwo, ina fatan kada kowa ya zo. Sai ga taubashina.

Muktari ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa. Tun muna yawo ba wando muke zagin juna, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, kuma har furfura ta cinye mu ba a raba gardamar ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tuƙi a hanyar Tebaram. Motar da ke hannunsa tsohuwar a-kori-kura ce ta Elhaji Aghali, wani ɗan kasuwa mai motoci uku. Ita ke kwasar mutane da buhunansu da awakinsu ta kai su kasuwannin ƙauye, ta dawo da su.

Yadda ya shigo da motar shi ya tayar da ni zaune. Ƙofar garejin matsattsiya ce, amma Muktari da lanƙwasa guda ya saba shigowa, yana fito. Ran nan sai da ya yi gaba ya yi baya sau uku. Ta gilashi na ga hannun dama kaɗai ke aiki, yana tura sitiyarin da tafin hannu, gwiwarsa na tokare shi kada ya koma. Hannun hagu yana kan cinyarsa a ajiye, ko motsi ba ya yi.

Nan take na tuna. Wata biyu da suka wuce ya yi mako biyu bai fito ba, aka ce masassara ce. Sau biyu na je gaishe shi, sau biyu matarsa Raƙiya ta tare ni a zaure ta ce barci yake yi. Ashe ba masassara ba ce. Kuma ranar da Elhaji Aghali ya ga wannan hannun, ranar Muktari zai sauka daga mota.

Ya fito yana gyara hula da hannun dama.

"Arzika, kana nan kwance awa mushen jaki? Tashi, ubangidanka ya zo."

"Ubangidan wa?" na ce. "Wanda ba shi iya shiga ƙohwa sai ya yi raka'a ukku?"

Ya yi dariya. Bakinsa ya ɗan karkace gefe guda, kaɗan ne, wanda bai san shi tun yarinta ba ba zai lura ba.

"Pompon bolan na ka zuba," in ji shi, yana nufin famfon sitiyarin. "Kowane gari munka tsaya sai na ƙara mai. Na gaji."

A nan ƙasar Adar ba a cika gyaran famfon sitiyari ba. In ya fara yoyo, sai a cire masa bel, tunda nasa daban yake, bai haɗa da na dinamo ba, a jefa bayan kujera a ci gaba da tafiya. Sitiyari ya yi tauri, direba ya sa ƙarfi. Har suna gare shi a tasha, tuƙin maza suke ce masa, kuma da alfahari suke faɗa. Minti biyar ne aikin, ko hannu ba na wankewa sosai bayansa. Muktari kuwa yana cikin manyan masu wannan alfaharin. Da bakinsa ya sha cewa famfon sitiyari an yi shi ne don ma'aikatan gwamnati da matansu.

"Mi Elhaji yac ce?" na tambaye shi.

"Elhaji cewa yay yi a hidda bel."

"To, shi ke nan. Miƙo kile sha biyu in kwance kusa, yanzu ka tahi."

"Gyara shi za ka yi."

"Kai? Kai da kac ce pompo na matan fonksiyone na? Yaushe anka ɗauke ka aikin gwamnati ban ji ba?"

Bai rama ba. Ya dubi ƙasa, inda jan mai ya fara ɗiga a kan yashi ƙarƙashin motar, ya ce, "Arzika, gyara shi."

Sunana kawai ya kira, bai maƙala masa jaki ko kare ba. Na tashi na buɗe bonet.

Ciki ya yi baƙi ƙirin. Mai ya wanke ko'ina, yashin hanya ya bi ya lafe, har ba ka bambance famfo da abin da ke riƙe da shi. Mai kuwa maƙaryaci ne. Inda ka gan shi ba nan ya fito ba, fanka ce ke watsa shi, iska ta kai shi baya, sai ka je ka canza tiyon da bai yi laifin komai ba. Na ga makanikan da suka canza abu uku a mota guda, ta fita ƙofa tana ɗiga kamar yadda ta shigo.

Na ɗauko kananzir da tsohon buroshi na wanke famfon da tiyo biyun da ke jikinsa, na bi da ruwan sabulu. Rana ta busar da shi kafin in miƙe bayana. Amfanin bazara ke nan guda ɗaya da na sani. Sannan na jawo mangal, ɗan murhun gawayin da nake dafa shayi, na kwashe tokar jiya, na tace ta da guntun gidan sauro har ta yi laushi. Tsohon da ya koya mini aiki lokacin da nake ci-rani a Abijan da hoda yake yi. Ni da na dawo gida toka na tarar, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na zuba ta a tafin hannu ina hura wa famfon, gaba da baya da ƙarƙashi, har ya yi fari fat.

Na cika ɗan tankin da jan mai, na ce wa Muktari ya shiga ya tayar da mota.

"Murɗa dama hal ƙarshe. Riƙe nan. Ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyat. Sake. Yanzu hagu."

In aka kai sitiyari ƙarshe aka riƙe, a nan famfo ke matsa mai da duk ƙarfinsa, kuma a nan duk wata kafa ke tona kanta. Na sunkuya, zafin injin na dukan fuskata, ina bin tokar da ido. Ƙaramin tiyon da ke maido da mai, a bushe. Bakin babban tiyo, inda na fi zargi, a bushe. Gindin tankin, fari. Na ce ya sake. A karo na uku sai ga wani ɗan ɗigo ya yi duhu a bayan fuli, wato faifan da bel ke juyawa. Ya yi girma, ya miƙe, ya gangaro ƙasa a hankali.

Ta ratar da ke ƙarƙashin bonet ina hango Muktari. Da mai a cike sitiyarin na bin sa da hannu guda, amma duk da haka ya ciji leɓe, gumi na zuba daga haɓarsa.

"Kashe," na ce. "Juwan na. Zoben roba da ka tare mai bayan fuli, shi yam mutu."

"Shina gyaruwa?"

"In mai hankali yat taɓa shi."

"To ina za mu samu mai hankali cikin garejin ga?"

Na ji daɗin zagin, ban ɓoye ba. Na sassauta bel, na zare tiyo biyun na toshe bakinsu da leda, na kwance kusoshi uku, na fito da famfon na ɗora a kan benci. Cire fuli shi ne wahalar. Notinsa ya kafe, kuma in kana murɗa noti fuli na juyawa tare da shi, dole sai wani ya riƙe. Na naɗa masa tsohon bel, na miƙa wa Muktari bakinsa biyu ba tare da na ɗago kai ba.

"Kama man nan, tobashi. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Wallahi ba da nufi ba ne, karin magana ce da nake yi wa kowa in ina son a riƙe mini abu. Na so ƙasa ta tsage. Muktari ya tsaya da bel ɗin a hannun dama, ya dube shi, ya dube ni. Sannan ya zauna a bakin bencin, ya danne famfon da ƙafa, ya ja bel ɗin da hannu guda. Na murɗa, notin ya saki.

"Tun yaushe kag gani?" in ji shi.

"Tun daga ƙohwa."

Na ci gaba da aikina don in ba shi wuri. Na zare fuli, na kwance kusoshi huɗu na bayan famfon, na buɗe shi a kan farin ƙyalle. A ciki akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa guda goma, kowanne bai fi farcen yatsa ba, su ke tura mai. In ɗaya ya faɗa cikin yashi an gama, in ka mayar da ɗaya a juye famfo zai ci kansa. Na jera su ɗaya bayan ɗaya yadda na fito da su. Su Muktari yake kallo lokacin da ya fara magana.

"Da sahe na. Ina alwala, buta tas suɓuce. Nic ce ko santsi na. Nis sake ɗauka, tas sake hwaɗuwa. Likita yac ce hawan jini na, Allah ya taƙaita, ya ba ni ƙwayoyi. Raƙiya ɗai tas sani." Ya ɗaga kai. "Amma shina dawowa, Arzika. Kullum shina ƙaruwa. Kawo hannunka ka ji."

Na goge hannuna na miƙa masa. Ya ɗago na hagun da ƙyar, ya kama yatsuna, ya matse. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, da duk ƙarfinsa yake yi. Riƙon da ko kaza ba zai hana gudu ba.

"Ka ji?" in ji shi.

"Na ji."

Ƙarya na yi masa, kuma raina ya ɓaci da kaina. Ya ce mutum tara ke ci daga wannan sitiyarin. Ya ce in ya sauka me zai yi, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana korar ƙuda, masu wucewa na cewa Allah ya ƙara sauƙi? Ya ce shi tun yana ɗan shekara ashirin da shida bai san wani wurin zama ba sai bayan sitiyari. Duk na san wannan. Ni ma ranar da bayana ya hana ni sunkuyawa gaban injin ban san inda zan sa kaina ba, kuma ranar ba ta da nisa.

Na ƙwaƙulo mataccen zoben. Ya bushe ya yi tauri, leɓensa ya tsattsage. Amma ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Da na shafa sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, farcena ya faɗa wani ɗan siririn rami da ya zagaye ta. Yashi ne ya samu shiga ya yi ta ci, ga shi kuma wani gwani ya taɓa ɗaure bel ɗin tamau har sandar na jan gefe guda. In ka sa sabon zobe a kan wannan ramin, mako biyu zai yi ya fara zuba, a ce makaniki bai iya aiki ba.

Na juye gwangwanin madarar da nake tara zobba a ciki, na yi ta tonawa har na samu daidai da shi, sabo, cikin takardarsa. Na goge sandar da lallausar takardar yashi, ina ɗiga mata mai, har kaifin ramin ya kwanta. Sannan na sa zoben, amma ban kai shi can ƙasa inda tsohon ya zauna ba. Na bar shi sama da kaurin farce, don leɓensa ya hau lafiyayyen ƙarfe. Na naɗe bakin sandar da leda kafin in zura ta, kada kaifinta ya yanke sabuwar robar tun ba a je ko'ina ba. Wannan duk ba ƙarfi yake so ba, haƙuri yake so, ni kuwa ran nan nawa ya kusa ƙarewa.

Aka kira azahar muka ajiye aiki. Na ga yadda yake alwala, ya matse buta tsakanin gwiwoyi yana karkata ta. Da muka tayar da kabbara, hannun dama ya kai kunne, na hagu ya tsaya a ƙirji. Allah ya yafe mini, sallar nan rabinta a hanyar Tebaram na yi ta. Akwai wani gangare mai duwatsu kafin a faɗa kwari, inda hanya ke karyawa hagu ba shiri, yashi na jan ƙafafun gaba. Motar nan mutum ashirin da biyar take ɗauka a saman buhuna. Ƙanwata Kaltumi ma a cikinta take zuwa saro kaya, kuma ba ta shiga motar kowa sai ta Muktari, wai shi ne ba ya ganganci.

Bayan salla na mayar da ƙarafan nan goma, gefen da ya yi santsi yana duban waje, na rufe famfon, na ɗora shi a mazauninsa. Na ɗaure bel daidai, yadda in ka danna shi da babban yatsa zai ɗan lotsa. Na cika mai. Saura fitar da iska, don in iska ta maƙale a ciki mai zai yi kumfa, famfo ya ci gaba da kuka ko da ba ya zuba. Na ɗaga gaban motar da jak har ƙafafun suka bar ƙasa, na ce masa kada ya tayar da injin, ya yi ta kai sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu a hankali. Ina tsaye kan tankin ina kallon ƙwayoyin iska na tasowa suna fashewa, ina ƙara mai in ya sauka. Sau ashirin da wani abu ya juya kafin su daina.

Na sauke motar, na sake hura toka, ya tayar. Shiru. Ya murɗa dama, ya riƙe. Ya murɗa hagu, ya riƙe. Babu kuka, babu kumfa. Na ba ta minti goma tana aiki ina tsugune ina jiran ɗigo, har ƙafafuna suka yi tsami. Tokar ta zauna fara kamar yadda na hura ta.

"Shigo mu gwada," in ji Muktari. Fuskarsa ta washe, rabon da in gan shi haka na manta.

Muka yi la'asar muka fita ta hanyar Afala. Da yatsa uku yake juya sitiyarin. Ya kauce wa amalanke, ya kauce wa garken tumaki, har fito ya dawo, ko da yake bakin ba ya rufuwa daidai, rabin fiton iska ce. Ya ce ashe jaki ma in ya daɗe a gareji yana koyon wani abu. Ya ce zai gaya wa Elhaji bel ɗin ne ya ƙi fita.

Da na yi shiru da an rabu lafiya. Aikina famfo ne, na kuma gama shi. Amma taubashi shi ke faɗa maka abin da kowa ke jin nauyin faɗa, in bai faɗa ba to zagin nan na shekara hamsin ba shi da amfanin komai.

"Muktari," na ce, "pompo ya gyaru. Shekara biyu ba ka ƙara jin shi. Amma bel ba shi sallama in za shi tsinkewa. Tiyo ma haka. Ko injin shi mutu maka bisa gangaren kwari, ka san bolan nan take shika sandarewa. Rannan mi za ka yi?"

"Shekara talatin da ɗaya ina bin gangaren ga."

"Da hannu biyu."

Fiton ya tsaya. Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba. Muka yi tafiya mai ɗan nisa, ba abin da ake ji sai ƙarar ƙarafan bayan mota. Na ɗauka zai juya ya sauke ni a gareji, mu yi shekara ba ma gaisawa. Sai ya saki hanya ya shiga wata gona da ba a share ba tukuna, fili fetal, yashi da kututturan geron bara, da gawo guda a tsakiya. Ya tsaya.

"Hidda shi," in ji shi.

"Mi?"

"Bel ɗin. Hidda shi in gani da idona."

Na sauka. Injin ya yi zafi, sai da na naɗe hannu da tsumma na sassauta kusar, na zare bel ɗin, na rufe bonet. Na koma gefe na tsaya da shi a hannu. Ya leƙo ta taga.

"In na zagaye gawon can na dawo nan, ba ka ƙara yi man maganag ga."

"Na yarda."

Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai gane ba. Sitiyarin da aka yi shi da famfo, in aka raba shi da bel, ya fi na tsofaffin motocin da nauyi nesa ba kusa ba, balle a cikin yashi. Ya sa giya ya tafi a miƙe, lafiya lau. Da ya kai gawon ya fara karyawa hagu. Ina hango shi ya kwanta a kan sitiyarin da kafaɗa, ya tura, ya tokare da gwiwa, ya sake kamawa. Ƙafafun gaba suka ɗan juya, yashi ya maido su. Motar ta wuce gawon ta tafi can, ta yi wani babban baka da bai kai rabi ba, ta cusa hanci cikin sabara ta tsaya.

Ya yi baya. Ya dawo inda ya fara, da ƙyar, ya sake ɗaukar hanya. Wannan karon na bi shi da ƙafa, ina tafe ina haki. Da ya zo daidai bishiyar na ga ya saki sitiyari, ya kama hannun hagu da na dama, ya ɗora shi a kai, ya lanƙwasa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ja da duka biyun. Na hagun ya zame ya faɗo kan cinyarsa. Motar ta ci gaba a miƙe, a hankali, ba mai juya ta, har ƙafar gaba ta hau wani tudun tururuwa injin ya mutu.

Na ƙarasa na tsaya a bakin taga. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Numfashi yake yi da baki, idonsa na kan gilashi. Na gaji ƙwarai, gajiyar da ba ta aiki ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na iya gyaran famfo ban iya komai ba bayan shi.

"Nan hwa ba kowa bisa," in ji shi a hankali. "Ba buhu ko ɗaya."

"Ba kowa."

"Maida shi."

Na buɗe bonet na mayar da bel ɗin, na ɗaure, na danna da yatsa. Na daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke bukata. Da na rufe na zagayo, kujerar direba ba kowa, makulli na jikin mota. Muktari yana ɗaya gefen, ya rufe ƙofa, ya ɗora hannun hagu a kan na dama.

"Kai ni gidan Elhaji," in ji shi.

Na shiga na tayar. Na zagaye gawon da tafin hannu guda, sitiyarin na bi na kamar ba mota a ƙarƙashinsa. Ban taɓa yin gyaran da ya yi kyau haka ba, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba. Muka hau hanya. Duk ramin da muka tunkara sai in ga ƙafarsa ta dama ta danna ƙasan motar, inda babu birki. Bai san yana yi ba.

Hanyar gidan Elhaji Aghali ta gaban tasha take bi. Muna zuwa wata mata ta taso daga kan buhunanta tana ɗaga hannu, Fatimata, mai sayar da busasshen tumatir, tsohuwar fasinjarsa ce. Na rage gudu na tsaya. Ta nufo tagar direba kai tsaye tana magana tun daga nesa, ta leƙo ta gan ni, ta yi turus. Ta duƙa ta hango shi a can gefe.

"Malam Muktari, lahiya? An ce mota ta lalace. Ga kayana na kawo tun ɗazu, gobe akwai tahiya?"

Ya gyara zama, ya share gumin fuskarsa da hula.

"An gyara ta, Fatimata," in ji shi. "Bar kayanki nan. Mota na tahiya gobe."

Ta yi godiya ta koma wajen buhunanta. Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya nuna mini hanya da haɓa, na sa giya.